Matar da ke riƙe da laima a titin Frunze

Asabar da dare, Rostov, Rasha.

Ƙafafuwana ciwo suke yi, ga jarrabawar ilimin sassan jiki ranar Talata ban buɗe littafi ba, amma idan na kwanta ban rubuta wannan ba, gobe rabinsa zai tsere mini.

Tun mako uku da suka wuce ƙawata 'yar ajinmu take matsa mini in raka ta Taganrog wurin kakarta. Kullum sai in kawo uzuri. Gaskiyar magana tsoron Rashancina nake ji. A aji ina iya lallaɓawa, amma a zaunar da ni gaban tsohuwa mai magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sai harshena ya ɗaure in fara in'ina. Yau dai uzuri ya ƙare. Muka kama jirgin ƙasa na safe, wanda suke kira elektrichka, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, har ruwan Tekun Azov ya fara leƙowa ta taga, fari-fari kamar an wanke shinkafa.

Babushka, wato kaka da Rashanci, ta tarbe mu a bakin ƙofa, 'yar gajeruwa, ta kama fuskata da hannu biyu ta ce "dochka", wato 'yata. An riga an gaya mata ba na cin alade, sai ta soya kifi ta yi pirozhki, wani ɗan burodi da dankali a ciki. Da azahar ta yi ta shimfiɗa mini tawul mai tsabta a ɗakinta, ta ja ƙofa, ta hana jikarta ko tari. Allah ya saka mata.

Muna cin abinci na maƙale a wata kalma, na maimaita farkonta har sau uku, kunya ta rufe ni. Tsohuwar ta buga tebur ta ce in daina sunkuyar da kai, ai Faina ma mai in'ina ce tana yarinya, kuma a garin nan aka haife ta. Na ce wace Faina? Wallahi kallon da ta yi mini, kai ka ce a Kano na tambayi wane ne Ibro. Nan take ta ɗaura gyale ta ce mu tashi.

Ni a zatona gidan marubuci Chekhov za a kai ni, tunda shi ne ɗan garin da duniya ta sani. Mun wuce ta wajen, ɗan mitsitsin gida fari. Amma inda tsohuwar ta nufa shi ne titin Frunze, gaban wani gidan bene na jan bulo. A bakin titin ga mutum-mutumin tagulla na wata mata da hula da laima, fuskarta a ɗaure kamar mai shirin yi wa miji faɗa. An kafa shi a 2008. Ita ce Faina Ranevskaya, kuma a gidan nan ta tashi.

An haife ta a 1896, sunanta na yanka Faina Feldman, 'yar wani attajirin Bayahude mai masana'antar fenti, har jirgin ruwa yake da shi. Yarinya ce mai kunya, ba ta son makaranta, ga in'ina. A 1915 ta tattara ta tafi Mosko don zama 'yar wasan kwaikwayo, uban bai so ba, makarantun wasan kuma suka ƙi karɓarta. Sai ta shiga yawon ƙananan gidajen wasa na larduna, yau nan gobe can, har Rostov ɗin nan da nake zaune, inda ta haɗu da Pavla Vulf, 'yar wasan da ta zame mata malama kuma uwa. Sunan Ranevskaya aro ne daga wata mata a wasan Chekhov mai suna Lambun Cherry, mace mai sakin hannu da kuɗi. Babushka ta ce yadda ake ba da labarin, wata rana Faina ta fito daga banki iska ta kwashe takardun kuɗin da ke hannunta, maimakon ta bi su sai ta tsaya tana yaba kyan tashinsu, abokin tafiyarta ya ce ai ke ce Ranevskaya. Tsohuwar har da gwada mana yadda kuɗin suka tashi, da jakarta a hannu.

Na tambayi dalilin laimar da ɗaure fuskar. Ƙawata da kakarta suka haɗa baki: "Mulya, ne nerviruy menya!" Wato Mulya, kada ka tayar mini da hankali. Wata mata da ke wucewa da kare ta ji, ta yi dariya ta ƙarasa tafiyarta. Magana ce daga fim ɗin Podkidysh na 1939, inda Faina ta fito a matsayin mace mai juya mijinta Mulya kamar waina. Ƙaramin matsayi ne, amma maganar ta manne mata har kabari. Yara kan bi ta a titi suna ihun "Mulya", ita kuwa ta tsani abin. Ana ma cewa ranar da Brezhnev, shugaban Tarayyar Sobiyet, yake maƙala mata lambar girma ta Lenin a 1976, shi ma sai da ya faɗa, ta ba shi amsa cewa yara marasa tarbiyya ne kawai ke kiranta haka.

Nan na tsaya ina kallon gunkin, wani abu ya tsaya mini a wuya. Mace ta yi shekara sittin da wani abu a kan dandamali, ta karɓi kyautar Stalin sau uku, aka ba ta muƙamin 'yar wasan al'ummar Tarayyar Sobiyet a 1961, amma da garinsu ya tashi karrama ta, sai ya zuba ta a tagulla cikin kayan matsayin da ya fi ƙona mata rai. Na faɗa wa ƙawata haka, ta ce ai ƙauna ce. Na yarda ƙauna ce. Mu ma haka muke yi wa namu, mutum ya fito a mugu sau ɗaya, shi ke nan ko a kasuwa da sunan za a kira shi. Amma ƙaunar da ba ta tambayi mai ita ba, ban san sunan da zan ba ta ba.

Da muka koma gida aka dafa shayi, babushka ta sa jikarta ta nemo mana guntayen finafinan a waya. Mun ga inda ta fito a kishiyar uwa a fim ɗin Cinderella na 1947. Ban fahimci rabin maganar ba amma na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, don muguntar tata da yanga take tafe, da murya mai kauri kamar ta namiji. Sai kuma aka sa wani na daban, Mechta, na darakta Mikhail Romm, wanda aka yi a 1941. A nan uwa ce mai gidan haya, marowaciya, tana magana da ɗanta. Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwar ta ce wannan ce Faina ta gaskiya, irin wannan matsayin ne ba a cika ba ta ba. Darakta Eisenstein ya so ya sa ta a fim ɗinsa na sarki Ivan, hukumar fim ta hana, wai kamanninta na Yahudawa sun fito da yawa. Sai aka ba Serafima Birman matsayin.

Ƙawata ta ce duk wata baƙar magana mai daɗi da ke yawo a intanet yanzu sai a liƙa mata sunan Ranevskaya, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Wani Mulya ɗin ke nan.

Amma abin da ya biyo ni har cikin jirgi ba wannan ba ne. Bayan juyin juya halin 1917 iyayenta da 'yan uwanta suka bar ƙasar, ita kaɗai ta zauna saboda wasan kwaikwayo. Ba ta sake sa mahaifiyarta a ido ba sai 1957, a Romaniya. Shekara arba'in. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur don in tabbata ban ji lambar a karkace ba. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. 'Yar uwarta Isabella ta dawo wurinta Mosko daga baya, ba a jima ba ta rasu. A ƙarshen rayuwarta abokin zamanta wani kare ne da ta tsinta, ta sa masa suna Malchik, wato Yaro. Wasan da ta daɗe tana yi a gidan wasa na Mossovet tare da ɗan wasa Rostislav Plyatt labarin tsofaffin ma'aurata ne da 'ya'yansu suka raba su don ba mai iya riƙe su biyun, kuma da shi ta yi sallama da dandamali a 1982. Ta rasu a watan Yulin 1984, aka binne ta kusa da Isabella a maƙabartar Donskoye. Babushka ta ce akwai ɗan siffar karen a saman dutsen kabarin.

Ni wata goma sha huɗu ke nan rabona da Umma, kuma kullum ina ganinta a waya, amma akwai daren da nake kuka a bargo kada 'yar ɗakinmu ta ji.

Da za mu tafi tsohuwar ta cusa mini sauran pirozhki a leda da busasshen kifi guda biyu, ta ce in dawo lokacin zafi mu sauka matakalar dutse zuwa bakin teku. Na yi mata godiya da jimla guda cikakkiya, ban maƙale ko sau ɗaya ba, ta tafa mini.

A jirgi na kira Umma. Ta ce ina na shiga tun safe, na ce na je ganin gidan wata 'yar fim da ta rasu. Ta ce, "Ke da aka tura karatun likita?" Sai layin ya yanke, bai dawo ba sai da muka kusa shiga Rostov, lokacin kuma ta tafi sallar magariba.