Zoben da ya ƙi fita

Zobe ne ya fara sanar da ni. Wata takwas bayan tiyatar sankarar mama da gasa wurin ciwon da na'ura, na wayi gari ya ƙi fita daga yatsana na hagu, sai da na sa sabulu. Daga nan hannun riga ya fara matse ni, hannun ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

A lokacin tiyata an cire mini kaluluwar hammata guda 14. Ruwan jiki da ke bi ta can ya rasa hanya, sai ya taru a hannu. Kusan mace 1 cikin 5 da aka yi wa irin wannan aiki tana samun kumburin nan. Ni kuwa na yi shekara biyu ina ɓoye damuwata, ina ganin wadda Allah ya tsirar daga sankara ba ta da bakin kuka da hannu. Safar hannu mai matsewa da tausa kawai nake yi. Sau biyu ɗan ƙaramin yanka ya jawo fatar ta yi ja, ga zazzaɓi mai zafi, har aka kwantar da ni.

Ranar da na je wurin likitar tiyata, ta danna babban yatsanta a damtsena, ta ɗaga, ramin ya zauna. Ta ce, "Har yanzu ruwa ne, ba ki makara ba." Idan aka daɗe, kitse ne ke taruwa, hannun ya yi tauri. A nan sai dai a zuƙe kitsen, hanyar da Håkan Brorson ya yi suna da ita a Malmö ta ƙasar Suwidin, kuma bayanta safar ba ta fita dare da rana har ƙarshen rayuwa. Wasu kuma kaluluwa ake ɗauko musu daga wani sashen jiki a dasa.

Nawa aikin daban ne. An yi mini allurar wani koren ruwa a tsakanin yatsu, na ga hannuna a allo: wasu hanyoyin sun miƙe kamar zare, wasu wuraren ruwan ya watse ba tsari. Waɗanda suka miƙe ɗin ta bi. Ta yi ƙananan yanka huɗu, ta duba ta madubin ƙara girma, ta ɗinke hanyoyin ruwan da ba su kai milimita 1 ba da ƙananan jijiyoyin jini, da zaren da gashin kai ya fi shi kauri. Likitan Japan Isao Koshima na cikin waɗanda suka buɗe wannan fage.

Ba warkewa na yi sarai ba, kuma tun farko ta faɗa mini haka. Har yau ina sa safar da rana. Amma bambancin kaurin hannayena ya sauko daga santimita 4 zuwa 1 da rabi, wata goma sha huɗu ke nan fatar ba ta sake yin ja ba. Zoben ya koma yatsansa a watan jiya.