Yadda muka mayar da garejin gidanmu ɗakin Hajiya a Kalifoniya

Ranar da takardun Hajiya, mahaifiyata, na zuwa Amurka suka fito na kasa barci don murna, amma kafin gari ya waye murnar ta haɗu da tunani, ina zamu sauke ta? Gidan da muke ciki a gefen Sakramento bene ne, duk ɗakunan kwana suna sama, a ƙasa falo ne da kicin da ɗan banɗaki wanda ko wurin wanka babu, ita kuma Hajiya gwiwa ta jima tana damunta, ko sallah a kujera take yi yanzu. Banda gwiwar ma akwai kunya. Ni ne ɗanta na fari, har yau bata taɓa kiran sunana ba, toh ace matar nan ta fito daga wanka ta ci karo da ni ko da surukarta a barandar sama kullum safiya, wallahi nasan zata takura ko da bata faɗa ba. Da na taɓo mata maganar a waya cewa tayi, "Ni dai in da inda zan shimfiɗa darduma in ja ƙofa ai ya ishe ni, kar ku wahalar da kanku." Maganar nan ce tasa na ƙudura a raina sai ta samu wurin da ya fi haka.

Gareji a nan ba wurin bakanike bane kamar yadda muke cewa a gida, ɗakin ajiye mota ne da ke manne da gidan, namu na mota 2 ne, ƙafa 20 ta 20, wato murabba'in ƙafa 400, mu dama da ƙafa muka saba auna fili don haka lissafin bai bani wahala ba. Wani abokina da ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru yace min, "Malam, kafet zaka shimfiɗa, ka kafa esi, ka sa gado da labule, shikenan, wa zai sani?" Kuma gaskiya na kusa ɗauka, don a unguwarmu a Kano gareji nawa aka mayar shago ko ɗakin samari, bulo kawai ake jerawa a toshe ƙofar a fasa taga, sati ɗaya an gama. Maman yara ce ta tsayar da ni. Muna tsaye cikin garejin ta nuna min tankin hitar ruwan zafi da ke kusurwa, mai aiki da gas, tace "Abban yara, kusa da wannan zaka kwantar da Hajiya ka rufe ƙofa?" Shiru nayi. Duk wanda ya tashi a Najeriya ya san labarin iyalan da suka kwanta da janareta a kunne a cikin gida basu tashi ba, iskar da ke kashe su ɗin ce dai hitar gas ke iya fitarwa in ta samu matsala, bata da wari bata da launi, mutum yana barci zata tafi da shi.

Daga nan na fara bincike, na ga ashe zaman gareji tsohon abu ne a jihar nan. Tun 1987 jaridar Los Angeles Times ta yi ƙiyasin cewa mutum wajen 200,000 ne ke zaune a gareji kusan 42,000 a yankin Los Angeles kaɗai, akasarinsu baƙi irinmu. Ni bana zargin kowa akan haka, kuɗin haya a Kalifoniya sai wanda ya biya ya sani, mutum ya zo da iyali yana aikin dare da rana, inda ya samu rufi nan zai kwanta. Amma abin da ya faru a New York a Satumbar 2021 ya tsaya min a rai, lokacin da ragowar guguwar Ida ta kawo ambaliya, mutum 11 suka rasu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya shigo basu samu hanyar fita ba, kuma yawancin ɗakunan basu da izinin zama. Ɗaki mai ƙofa ɗaya tak tarko ne ranar da abu ya ɓaci, ko ruwa ne ko gobara.

Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shine yanzu dokar jihar tana bayan mai son yi da takarda. Irin wannan ɗan gida da ake fitarwa daga jikin babban gida ADU suke ce masa. Da can birane da yawa sun toshe hanyar da sharuɗɗa, babban cikinsu shine in ka cinye garejinka sai ka samar da wani wurin fakin a madadinsa, wanda mafi yawan filaye bazasu ɗauka ba. Majalisar jiha ta fara sassautawa da dokokin da suka fara aiki a 2017, sannan a Janairun 2020 wasu suka biyo baya irinsu AB 68 da AB 881 da SB 13, su ne suka buɗe ƙofar sosai: in gareji ka mayar ADU birni bazai tilasta maka sabon fakin ba, ba sai ka ja bangon baya daga iyakar fili ba tunda ginin dama yana nan, in bai kai murabba'in ƙafa 750 ba babu kuɗin da suke karɓa na nauyin da sabon gini ke ɗorawa unguwa, kuma in takardunka sun cika dole su baka amsa cikin kwana 60. Akwai wani ƙaraminsa ma, JADU, wanda baya wuce murabba'in ƙafa 500 kuma zai iya raba banɗaki da babban gida, ya fi araha, amma mu raba banɗakin ne dama muke gudu, sai muka tafi kan cikakken.

Mun ɗauki mai zane ya zana mana filan, muka shigar ofishin gine-gine na birni, sau 2 suna dawo mana da shi da gyara kuma duk gyaran gaskiya ne, akwai lissafin zafi da sanyi na gini da suke kira Title 24 wanda bamu haɗa ba da farko. A filan ɗin nan na koyi abubuwan da ban taɓa tunani ba. Silin kar ya gaza ƙafa 7. Hasken rana ta taga ya kai kashi 8 cikin 100 na faɗin ɗakin, iskar da za'a iya buɗewa ta shigo kashi 4. Dole akwai abin ɗumama ɗaki na dindindin, ba ƴar hitar da ake jonawa a soket ba. Amma tagar ɗakin kwana ita ta fi komai taɓa ni. Doka tace duk inda mutum zai kwana sai da tagar da zai iya fita ta cikinta, buɗinta ya kai tsayin inci 24 da faɗin inci 20 aƙalla, kuma daga ƙasa zuwa bakinta kar ya wuce inci 44, ba don mai ɗakin kaɗai ba, har don ɗan kwana-kwana ya iya shigowa da tukunyar iska a bayansa. Na zauna ina tuna tagogin gidanmu na Kano da muka gindaya wa rodi ko'ina saboda ɓarayi, aka yi walda aka kashe, babu mai buɗuwa ko ɗaya, kuma duk hunturu sai mun ji gobara ta ritsa da mutane a ɗaki maƙwabta na waje suna ta fama da ƙarfe. A nan ma an yarda ka sa ƙarfe a irin tagar, da sharaɗin yana buɗuwa daga ciki ba tare da makulli ko wani kayan aiki ba. Na cewa mai zanen ya sauko da bakin tagar ƙasa da abin da doka ta nema, don inci 44 ga mai ciwon gwiwa katanga ce.

Wahalar aikin a daɓe take. Simintin gareji a gangare ake zuba shi don ruwa ya riƙa fita ta ƙofar mota, kuma ba'a yi shi don zama ba, danshi na tasowa ta ciki, sai da aka shimfiɗa leda mai kauri aka daidaita shi kafin a sa tayil. Kafin nan kuma an yanka simintin da inji an haƙa rami tun daga inda banɗaki zai zauna har zuwa bututun da ke kai ƙazanta babban layi, kwana uku ƙura har cikin kicin ɗinmu. Inda ƙatuwar ƙofar mota take ma ba'a ɗora bango haka kawai, sai da aka zuba masa gindi na kankare aka ɗaure katakon da ƙusoshin ƙarfe, ƙasar girgiza ce.

A nan ne muka samu tangarɗa da ɗan kwangilarmu na farko, bazan faɗi sunansa ba. Ya nemi mu bashi kusan rabin kuɗin kafin ya fara wai zai sayo kaya, na bashi wani kaso mai tsoka saboda a gida haka muka saba, ka ba magini kuɗin siminti da bulo a hannu. Ya yi ramin, falambansa ya shimfiɗa bututu, sai naji yana shirin zuba siminti ya rufe alhali insifeto bai zo ya gani ba, nace a'a a jira, daga nan ya fara ɗauke ƙafa, yau mota ta lalace gobe wani aiki ya riƙe shi, wata guda ramin na buɗe ga ranar zuwan Hajiya na matsowa. Daga baya na gano a Kalifoniya doka bata yarda ɗan kwangilar gyaran gida ya karɓi kafin alƙalami sama da kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000 ba, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki, kuma lambar lasisinsa kowa na iya dubawa kyauta a shafin CSLB, hukumar da ke ba ƴan kwangila lasisi a jihar. Don Allah duk mai shirin irin aikin nan ya duba kafin ya sa hannu. Mun rabu, wani ɓangare na kuɗin ya dawo wani bai dawo ba, na biyun da muka ɗauka da ya zo ya ce gangaren bututun bai isa ba sai an sake, kuma da insifeto ya zo shima abin da ya fara aunawa kenan. Da an rufe da siminti da yanzu masai na dawo wa Hajiya da ruwa.

Sauran aikin ya tafi daidai alhamdulillah. An cusa audugar hana zafi a bango da silin, don bazarar Sakramento zafinta na wuce digiri 38 ga hunturu da sanyi mai shiga ƙashi, bangon da ke tsakaninta da mu aka sa masa allo mai jure wuta na awa 1, hitar gas ɗin aka fitar da ita waje gaba ɗaya, allon wutar gidan aka ɗaga shi daga amf 100 zuwa 200 don ya ɗauki esi mai sanyi da ɗumi da risho na lantarki. Insifeto ya zo a kowane mataki, kafin a rufe bututu, kafin a rufe waya, kafin a rufe bango. A banɗakin na sa an yi famfo ƙasa-ƙasa da ɗan benci na alwala da ƙarfen riƙewa a bango, babu dakalin da zata tsallaka.

Kuɗi kam sun tafi fiye da abin da muka ware, bazan ɓoye ba, kuma harajin gida ya ɗan ƙaru, sai dai a ƙarƙashin dokar Proposition 13 ta 1978 sabon aikin kaɗai ake yiwa ƙima, ba'a sake ƙimanta gidan duka. Na kira kamfanin inshora na sanar da su suka ƙara ɗakin a takarda, wanda da a ɓoye nayi bazan iya ba, in gobara ta tashi daga nan sai mu shiga jayayya da su. Abokin nan nawa da ya bani shawarar kafet shi dama ya yi nasa tun tuni, na tura masa bayanin AB 2533 da ta fara aiki a 2025, wadda ta ba masu ɗakin da aka gina ba izini kafin Janairun 2020 damar halatta shi in sun gyara abin da ya shafi lafiya da tsaron rai. Yana jin tsoron ya je ya tona kansa, na fahimce shi, amma ƙanin matarsa ne ke kwana a wurin kuma taga ɗaya ce ƙarama can sama, har yanzu ina binsa da magana.

Hajiya ta iso sati 2 bayan an sa hannun ƙarshe. Ta shiga da bismillah ta zagaya ta taɓa bango, ta tambayi ina gabas, jikarta ta nuna mata, ta ce "Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ƴaƴanku su yi muku fiye da haka," maman yara tana gefe tana goge ido. Daren farko ta kunna turaren wuta a kasko, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kuka, muka fito a guje ba takalmi muka same ta tsaye tana salati. Tace a cire abin nan, na durƙusa nace "Hajiya ki yi haƙuri, wannan kam ba'a cirewa, shi zai tashe ki ya tashe mu in wani abu ya faru." Washegari maman yara ta sayo mata kaskon lantarki wanda baya buƙatar gawayi, ta nuna mata yadda zata buɗe tagar ta ɗora shi a bakinta. Yanzu da asuba in na fito tada mota, wadda ta koma kwana a waje, ƙamshin hawi ne ke fara tarata daga tagar nan.