Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jakin da Ba a Yi Shawara da Shi Ba

A makon jiya na tsaya a inda aka gama rabon gadon Kawu, adakarsa ta ƙarfe ta faɗo hannuna don babu wanda ya nuna yana so. Masu tambaya ko kuɗi ne a ciki, a'a, takardu ne. Zanen barkwanci ne da aka yanko daga jaridu da mujallu, wasu an ɗaure su dami-dami da zaren buhu, wasu an manna su a tsofaffin littattafan rasit. Kawu akawu ne a tashar jirgin ƙasa ta Zariya, kuma a zamaninsu da yawa daga cikin jaridu da mujallun Legas ta jirgi suke hawowa Arewa. Kafin su kai hannun masu talla, shi ya riga ya leƙa. Duk zanen da ya ba shi dariya sai ya sayi kofinsa, ya sa reza ya fitar da shi tsaf. Amma ba ya rubuta kwanan wata, ba ya rubuta sunan jarida. Aikin da ya bar mini ke nan, kuma shi ya cinye mini shekarun farko na ritaya.

Wasu ba su ba ni wahala ba, don mai zanen ya sa hannu. In ka ga "Lash" a gindin zane, na Akinola Lasekan ne, gidansa kuwa West African Pilot, jaridar da Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, inda tun shekarun 1940 yake caccakar mulkin mallaka da alƙalaminsa. In ka ga hannun Josy Ajiboye, ka nufi jaridun gidan Daily Times daga shekarun 1970 zuwa sama. A can ƙasan adakar, ƙarƙashin wata tsohuwar riga, na tarar da shafukan Ikebe Super ta Wale Adenuga, wadda ta fara fitowa a 1976, da Papa Ajasco da sanƙonsa. Na fahimci dalilin da ya sa Kawu ya tura su can ƙasa, don barkwancinsu ba na gaban yara ba ne.

Akwai kuma 'yan ci-rani, zanen da aka haifa a Ingila aka kawo su nan. Kamfanin Daily Mirror na Landan ya sayi Daily Times a 1947, shi ya sa jarumi Garth, wanda ya fara fitowa a Mirror a 1943, ya zama ɗan gida a Legas. Irin wannan zanen ranar haihuwa biyu gare shi, ta Landan da ta Legas, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya ce ita ce ɗayar ya ɓata tarihi.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne jakin.

Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Wani dattijo ne a kan jaki, da damin itace a kowane gefe, sun tsaya cak a tsakiyar titi. Gabansu babbar mota, bayansu wata, direbobin sun leƙo ta taga bakinsu a buɗe. Ɗan sanda ya ɗaga hannu yana nuna dama, jakin kuwa ya kafe ƙafafunsa huɗu, kunnuwansa sun kwanta baya. Mai zanen ya san jaki. Da layi uku kacal ya fitar da taurin kan dabbar nan, kuma ya yi wa dattijon fuskar mutumin da ya san ba shi da laifi amma shi za a zaga. A ƙasa an rubuta da Hausa: "Jaki ya ce ba a yi shawara da shi ba." Babu sa hannu, ko kuma reza ta tafi da shi.

Maganar da zanen yake yi a fili take. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu, wanda ta gada daga Ingila, ta koma hannun dama. Dalili kuwa maƙwabta: Nijar da Dahomey (Benin ta yau) da Chadi da Kamaru duk a dama suke tuƙi, direban da ya ɗauko kaya daga Maraɗi in ya shigo ta Jibiya sai ya sauya hannu. Ina yaro a lokacin, kuma ina tuna yadda iyaye mata suka hana mu zuwa bakin titi, ana cewa ranar motoci za su yi ta karo da juna. Wannan tsoron shi ne a cikin zanen, an mayar da shi abin dariya don mutane su iya haɗiye shi.

To amma sanin abin da zane yake magana a kai daban, sanin inda aka buga shi da ranar da aka buga shi daban. Saliyo ta koma dama a 1971, Gana ta koma a watan Agusta 1974, kuma mujalla irin Drum, wadda ta faro a Afirka ta Kudu a 1951, tana da bugun Najeriya da na Gana da na Gabashin Afirka. Zane yana iya tashi daga wannan ya faɗa wancan. Don haka sai na juya takardar.

Wanda duk zai shiga wannan harka, bayan takarda zai fara koyon karantawa. Mai yanka gaba yake kallo, ba ya kula da abin da rezarsa ke tafiya da shi a baya, kuma a nan shaida take. A bayan jakin akwai rabin tallar maganin ƙarin jini: gindin kwalba, guntun hannun mace, da farashi, 2/6, wato sule biyu da sisi. Wannan kaɗai ya fitar da Gana, don ta koma kuɗin sidi tun 1965. Ya fitar da Saliyo, wadda ta koma liyon a 1964. Ya kuma ja mini iyaka ta sama, don ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A ƙasan tallar an ga guntun adireshi, titin Yakubu Gowon, Legas, sunan da aka sa wa titin Broad a zamanin mulkinsa. A gefen hagu kuma akwai ɗigo biyu na tsatsa, alamar ƙarfen da ake ɗinke mujalla da shi a tsakiya. Jarida ba ta da wannan. Ashe daga mujalla ya fito, ta Najeriya, kafin 1973.

Saura abu guda da ya ƙi zama. Wace mujalla ce ke ɗaukar tallar Legas da Turanci a baya, ta buga barkwanci da Hausa a gaba? Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939 Abubakar Imam yana editanta, jarida ce. Ƙananan jaridun lardi na NORLA, hukumar buga littattafai da jaridu ta Jihar Arewa, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, na shekarun 1950 ne, sun riga wannan zamani. Na je Kaduna, na zauna a Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar adana tarihi a 1970, na kuma shiga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, na bi jaridun 1972 shafi-shafi. Na amfana ƙwarai, na samo asalin wasu zanen da ban ma je nema ba. Jakin dai bai fito ba.

Wani abokina ne ya haɗa ni da wani dattijo a Tudun Wadan Zariya, wanda ya yi rayuwarsa yana jera haruffa a maɗaba'a tun lokacin da ake jera su da hannu. Na same shi a zaure bayan la'asar, idonsa ɗaya ya yi yana. Bayan gaisuwa na miƙa masa takardar. Bai kalli zanen ba tukuna. Ya shafa ta da babban yatsa, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya tashi ya je bakin ƙofa ya ɗaga ta saitin rana.

"Malam, zo ka gani," ya ce.

Na matsa. A ƙarƙashin layin Hausar akwai inuwar wasu haruffa, ƙanana, a jere.

"Baba, mene ne wannan?"

"Rubutun asali ke nan, yana ƙasa. Wannan na sama ba injin maɗaba'a ya buga shi ba, tafireta ce. Dubi harafin 'a', duk inda ya fito ya ɗan karkata hagu, kuma ya huda takarda. Injinmu ba ya yin haka. Wani ne ya buga a wata takarda, ya yanko siriri, ya manna da ƙaro. Amma fa mai hannu ne, don ya nemo takardar da launinta ya zo ɗaya."

Na ce, "Baba, Kawuna ne."

Ya mayar mini da ita da hannu biyu, ya ce Allah ya jiƙansa.

Ya ƙara mini wani ilimin kafin in tafi. A da, in za a buga zane, sai a ɗauki hotonsa a zuba a kan farantin ƙarfe, a sa ruwan asid ya cinye inda babu layi, a kafe farantin a kan guntun katako daidai tsayin haruffa. Yin wannan da tsada, don haka ba a jefar da shi. Ana ajiye shi a kanta, bayan shekara biyu a sake ɗauko shi a sa masa sabuwar magana a ƙasa, wani lokaci ma a ara wa wata jarida. Ya ce in na ga zane ɗaya a wuri biyu, in dubi layukansa da gilashin ƙara girma: wanda layinsa ya fi kaifi shi ne na farko, wanda ya karye a gefe ko ya yi kauri shi ne na baya. Wannan ƙa'idar ta raba mini gardama a kan zane da dama daga baya.

Daga can gidan Kawu na wuce, wajen uwargidansa, wadda muke kira Inna. Na nuna mata jakin, tun kafin in yi magana ta fara dariya har da riƙe baki.

"Ai wannan namu ne," ta ce. "Mu da muka yi yaƙi da jahilci muna karanta Hausa, Turanci kuwa ko oho. To in ya dawo daga tasha sai ya kawo mana, ya ce ga jaridarku. In yara sun yi barci mu zauna a gindin fitila, ni in karanta, kishiyata ta yi ta kwaikwayon muryar ɗan sandan."

"Inna, duk waɗanda ke da Hausa a ƙasa shi ya rubuta?"

"Wa zai rubuta in ba shi ba? Wani lokaci ma ba abin da Turancin ya ce yake sawa ba, abin da ya san zai ba mu dariya yake sawa."

Da na koma gida na fito da duk masu Hausa a ƙasa, na ɗaga su saitin fitila ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu da inuwar nan a ƙasa, kuma da karkatacciyar 'a' ɗin nan a sama. Mutumin da na sani shiru-shiru, wanda ba ya ɗaga murya a gida, shekara da shekaru yana fitar da mujallarsa ta barkwanci, masu karatunsa mata biyu ne a tsakar gida. Ban ɓamɓare ko ɗaya ba, kuma ba zan ɓamɓare ba. A wurina zanen da mannen Kawu a kansa bugu ne na biyu, mai cikakken haƙƙi kamar na farko, kuma haka nake rubuta shi a kundina.

Da na san mujallar Turanci nake nema, sai hanya ta miƙe. A ƙa'ida ya kamata a same ta a ɗakin karatu, don tun 1950 doka ta ce a kai kofin duk abin da aka buga ɗakin karatun jami'ar Ibadan, a 1970 kuma aka ɗora wa ɗakin karatu na ƙasa wannan nauyin. Amma ƙananan mujallu da yawa sun fito sun mutu ba su kai ko kofi ɗaya ba, sauran kuwa sun ƙare a hannun masu ƙosai da masu tsire, ko a bakin gara. Dattijon Tudun Wada ne ya sake tuna mini da wani tsohon dillalin jaridu a Sabon Gari, wanda ya kan jibge kwantai a wani ɗaki maimakon ya sayar a kan sikeli. 'Ya'yansa suka buɗe mini ɗakin. Na ƙasa gara ta gama da su, sun zama ƙasa. Na saman kanta sun tsira, sun yi ja, gefensu yana karyewa in ka taɓa da ƙarfi.

A nan na same shi, a shafin tsakiya na wata ƙaramar mujallar wata-wata ta Legas da ba ta yi tsawon rai ba, fitowar Maris 1972. Wato an zana jakin tun kafin ranar ta zo, lokacin da ake ta shela a rediyo mutane suna zaman ɗar-ɗar. Ga kwalbar maganin a bayansa cikakkiya, ga matar da a da guntun hannunta kawai na sani. A Turancin, ɗan sandan ne ke tambayar dattijon lasisinsa na tuƙi. Na karanta na yi murmushi, amma na Kawu ya fi, don shi ya bai wa jakin baki. A kusurwar dama, inda reza ta yanke, akwai haruffa biyu na farkon sunan mai zanen.

Na sayi mujallar yadda take, ban yanke komai ba, na sa ta a leda mai kauri tare da yankakken Kawu, na rubuta wata da shekara da lambar shafi da fensir a wata takarda daban. Salatif da laminatin ba sa kusantar kayana, don salatif yana barin tabo mai ruwan ƙasa, laminatin kuwa in an yi shi babu komawa.

Haruffa biyun nan su suka kai ni Legas, wajen tsofaffin masu zane. A nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.