Ranar da ɗalibata ta kusa yi wa shagon yayanta baki

Ni ba malamin makaranta ba ne. Sayen kaya ya kai ni birnin Guangzhou na ƙasar Sin, unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi taruwa. Wata ma'aikaciya a ofishin da ke tura mana kaya ta roƙe ni in riƙa koya mata Turanci bayan an tashi aiki, ita kuma ta agaza mini da Sinanci wajen ciniki. Na ce to.

Na fara da jerin kalmomi, Turanci a hagu, Sinanci a dama: sign, signal, omen, notice, announce. Kwana biyu ta haddace su tsaf, har na soma jin kaina malami.

Sai yayanta ya tashi buɗe shago ranar 8 ga wata, don a wurinsu takwas lambar arziki ce. Ai shi ya sa Beijing ta buɗe gasar Olympics ranar 8 ga watan 8 na 2008. Ta rubuta saƙon gayyata ta kawo in duba, sai na ga ta kira ranar "ominous day". Na riƙe baki.

Laifina ne. Na ba ta omen a matsayin yuzhao, kalmar da ke iya nuna alheri ko sharri, kamar "alama" a wurinmu. Ta ɗauka ominous ma haka take, alhali ita wannan kalmar mugun abu kaɗai take hangowa. Auspicious take nema, wato mai alamar alheri.

Da na gaya mata asalin auspicious daga Romawa ne, masu duba tashin tsuntsaye kafin su yanke shawara, sai ta yi dariya ta zana mini harafin zhao na cikin yuzhao. Ta ce hoton tsagewar ƙwaryar kunkuru ne, wadda masu duba na daular Shang ke gasawa su karanta, shekaru sama da 3,000 da suka wuce. Daga nan muka shiga hirar tsuntsaye. Magpie a wurinsu mai kawo albishir ne, amma a Ingila ganin guda ɗaya camfin baƙin ciki ne. Ni kuma na ba ta labarin mujiya.

Tun ranar na yar da jerin nan. Kowace kalma sai na sa mata alama: ta alheri ce, ta sharri ce, ko ba ruwanta. Kalmomin sanarwa kuwa, tambaya ɗaya nake yi mata: wa ke da bakin faɗa? Notice a bango ake liƙa ta. Announce kowa na yi, daga mai lasifika a filin jirgi har mai aurar da 'ya. Declare sai gaban kwastan, ko gwamnati in za ta shiga yaƙi. Proclaim ta fada ce, irin shelar da aka yi wa Sarki Charles na Birtaniya a Satumban 2022.

Herald ce ta ba mu wahala, har na kwatanta mata sankira. Ta kira ni malam da Sinanci, ta ce, "Laoshi, wannan aikin a ƙasarku ana biyan kuɗi?" Na ce a biki ma ya fi ni samu.