Furen da na sare da hannuna

Shekara biyar ke nan, amma har yau in na tuna ranar nan ta watan Yuni sai raina ya ɓaci.

A wani daji kusa da Kolumbus, jihar Ohayo a Amurka, na fara ganinsa cikin watan Afrilu, lokacin da ƙanƙara ta narke, itatuwa ba su kai ga yin ganye ba. Ɗan fure ne rawaya mai sunkuyar da kai, ganyensa da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa kamar jikin wani kifi da ake kira trout, shi ya sa mutanen nan ke ce masa trout lily. A littafi kuwa Erythronium americanum ne, ɗan gidan lili. Na sayi 'yan albasarsa guda 30, na binne a gindin bishiyar mapul da ke bayan gidana kafin sanyi ya shigo.

Sanyi na wucewa suka tsiro, kowanne da ganye ɗaya tak, babu fure. Kafin tsakiyar Yuni ganyen ya yi rawaya, ya kwanta, ya ɓace ƙurmus. Na ce shi ke nan, sun mutu. Na ɗauko shebur na kafce wurin don in zuba alayyafo.

Sai da na juya ƙasar na gan su: farare tas, dogaye kamar haƙorin kare, da ransu, na raba su biyu-biyu. Wallahi zama na yi a wurin. Ashe barci suke yi. Shukar nan tana gama harkarta ta shekara a 'yan makonnin da rana ke isa ƙasa, inuwa na rufewa ta koma ciki. Mai ganye ɗaya kuma yaro ne, ba ya fure sai ya yi ganye biyu, abin da ke cin shekara 4 zuwa 7 daga iri. Da sanda ɗaya na kafa a wurin, da na yi haƙuri kawai, da ban yi wannan ɓarna ba.

Bakwai suka tsira, na jikin shinge inda shebur bai kai ba. Yanzu na kewaye su da duwatsu, busasshen ganyen da ke zubo musu ma ba na sharewa, kuma duk mai riƙe da abin haƙa ba ya kusantar wurin.

Bana biyu daga ciki suka yi fure. Na durƙusa na daɗe ina kallo, amma idona na komawa kan filin da sauran 23 ɗin suke.