Top quark huɗu a karo ɗaya

Jiya na saurari wata lacca kan injin LHC, mai gwara ƙananan ɓarɓashi, na cibiyar binciken kimiyya ta CERN, can kan iyakar Suwizalan da Faransa, wallahi har yanzu abin na raina. Rami ne zagayayye mai kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, ana gwara proton da proton (ƙananan ɓarɓashin da ke tsakiyar ƙwayar zarra) wajen sau biliyan ɗaya duk sakan, amma fitowar top quark (mafi nauyi a cikin ɓarɓashin asali da aka sani) huɗu lokaci guda sai da aka tace bayanan 2015 zuwa 2018 kafin ATLAS da CMS, manyan ƙungiyoyin bincike biyu a LHC, su tabbatar a 2023. Haƙurin mutanen nan ya burge ni jama'a, don shi top ɗin nan take yake rushewa, ba a ganinsa sam, sawun ɓarɓashin da ya bari kawai ake bi.