Abin da na faɗa wa Baba a ɗakin tsirrai

Laraba. Fom ɗin zaɓen fannin furojet na nan a jakata, ko sunana ban rubuta ba.

Da safe kam raina a kwance yake: ƙwayoyin gado zan yi. Can kowa ke rububi, can na'urar PCR mai ninka DNA take, can ake sa farar riga a ɗau hoto. Gurbin masu ƙananan ƙwayoyin cuta ya cika tun makon jiya. Muhalli yawon bakin rafi ne da ɗebo ruwa a kwalba, ni kuwa kun san ni da tafiyar ƙasa. Ƙwari? Kiwon sauro a keji, Allah ya raba.

Sai Dakta, malamarmu, ta aike ni ɗakin adana tsirrai in karɓo mata fayil. Na tarar da Baba, dattijon da ke aiki a ɗakin, ya duƙufa yana manna busasshen reshe a farar takarda, yana rubuta inda aka tsinko shi da ranar. Bakin nan nawa da ba ya gajiya na ce, "Baba, wannan ai ajiya ce, ina binciken yake?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "'Yata, mutanen naku na DNA in sun gama niƙa ganye, wurin wa suke zuwa a gaya musu ganyen me suka niƙa?" Wai mujallu da dama ba sa karɓar aiki a kan tsiro sai da lambar samfurin da aka ajiye a irin ɗakin nan. Sunaye bibbiyun da muke haddacewa muna mita, tun 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya ɗora tsirrai a kansu, kuma ganyayen da ya busar suna nan a Landan ana zuwa dubawa. Dabarar PCR ɗin da nake taƙama da ita kuwa sai 1983 ta zo duniya.

Na yi 'yar dariyar yaƙe. Ya miƙo fayil ya ce in gaida Dakta.

Lacca biyu bayan nan, ba abin da ya shiga kaina.

Da ma faɗa ya yi mini, da tuni na manta. Shekara huɗu ina sashen nan, itatuwan da ke bakin ƙofarmu ko uku ba zan iya kawo sunansu na kimiyya ba, amma ni ce mai raina aikin dattijo.

Gobe sha biyun rana ake rufe karɓar fom. Birona ma a kan teburinsa na baro shi.